Dedica, Bambino ko Gaggia: Wane Injin Espresso Ya Dace da Ƙaramin Kicin a Zariya?

Duk wanda ya fara neman ƙaramin injin espresso na gida, wato injin haɗa gahawa mai ƙarfi da matsin ruwan zafi, zai ga sunaye huɗu suna ta dawowa: De'Longhi Dedica, Bambino na kamfanin Breville, Gaggia Classic, da Rancilio Silvia. Akasarin masu yabonsu ko kushe su suna zaune ne a garuruwan da wuta ba ta ƙiftawa, ruwan famfo na zuwa kullum, shagon gyara kuma yana nan kusa. Mu da ke Samaru, Tudun Wada, Gyallesu, Hanwa ko cikin Birni, lissafinmu daban ne. A nan abu uku ne ke yanke hukunci kafin a zo maganar ɗanɗano: wutar da ke gidanka, ruwan da za ka zuba, da wanda zai buɗe injin ranar da ya ƙi tashi. A kan waɗannan zan auna su.

Irin injin da muke magana a kai shi ne wanda ya raba aiki tsakaninsa da kai. Kai ne za ka niƙa gahawa, ka zuba garin a ludayin ƙarfe mai hannu, ka danne shi, ka ɗaura a bakin injin. Shi kuma ya dafa ruwa ya kai wajen digiri 90 zuwa 96, ya tura shi ta cikin garin da matsin da ya kai kimanin bar 9 (bar shi ne ma'aunin matsi). Ma'aunin da aka saba da shi shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Wannan tsari daga Italiya ya fito. A 1884 Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa a Turin, bayan yaƙin duniya na biyu Achille Gaggia ya fito da injin da ke ba da kumfar nan mai kauri a saman kofi, a 1961 kuma Faema E61 ya zo da famfon lantarki mai riƙe matsi daidai. Saboda haka idan ka ga an rubuta bar 15 ko bar 20 da manyan haruffa a kwali, kada ya ruɗe ka. Iyakar ƙarfin famfon ake faɗa, ba abin da gahawa ke buƙata ba.

Dedica shi ne mafi siranta. Faɗinsa santimita 15 ne kawai, zai shiga tsakanin butar lantarki da kwandon kwanuka ba tare da an matsar da komai ba. Ga amaryar da kicin ɗinta ya riga ya cika da kuloli, bilenda da tukunyar shinkafa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yana da tsawo ta baya, wajen santimita 33, don haka a auna zurfin kanta, ba faɗi kaɗai ba. Ba shi da tukunyar dafa ruwa a cikinsa. Ruwa yana bi ne ta cikin dunƙulen ƙarfe mai zafi, ya ɗumama a kan hanya, shi ya sa cikin ƙasa da minti guda ya shirya. Ludayinsa milimita 51 ne, kuma matatan da ke zuwa da shi, wato 'yan kofunan ƙarfe da ke riƙe garin a cikin ludayin, masu gindi biyu ne, da ƙaramin rami guda a ƙasa. Wannan ramin shi ke tara matsi, ba garin gahawar ba. Amfanin haka shi ne ko garin gwangwani ka saya a babban kanti a Kaduna ko Kano, zai fito da kumfa a sama, ba za ka ji kunyar baƙo ba. Illarsa kuwa, ko ka sami gahawa mai kyau, ɗanɗanon ba zai wuce wani mataki ba, sai ka sayi mataci mai gindi ɗaya daban. Samfurin EC685 bututun tururinsa yana da hula da ke zuƙo iska da kanta, kumfar madarar takan fito da manyan ƙwayoyi. Samfurin EC885, wanda ake kira Dedica Arte, ya fi shi a wannan fannin. Injin ba shi da nauyi, kilo 4 da ɗoriya, har sai ka riƙe shi da hannu ɗaya kafin ka murɗa ludayin. A cikin huɗun shi ne mafi araha.

Bambino ya ɗara shi faɗi kaɗan, wajen santimita 16, Bambino Plus kuma ya kusa 20. Abin da ya sa ake yayinsa shi ne saurin zafi: daƙiƙa 3 bayan ka kunna, ya shirya. Yana da na'urar da ke daidaita zafin ruwa, kuma yana fara jiƙa garin da ɗan ƙaramin matsi kafin ya sake ƙarfinsa duka, abin da ke rufa wa sabon hannu asiri idan bai danne garin daidai ba. Ludayinsa milimita 54 ne. Tururinsa yana da kyau ƙwarai, yana tashi nan take bayan an gama zuba gahawa. Na Plus ɗin ma da kansa yake kaɗa madara, ka ajiye jug ɗin ƙarfe a ƙarƙashin bututun, ka zaɓi zafi da yawan kumfa, ka koma gefe. Tankin ruwan Plus ɗin lita 1.9 ne, na ƙaramin kuma 1.4. In gaskiya za a faɗa, a ranar farko da aka buɗe kwali, Bambino ne zai ba mutum kofi mafi daɗi da ƙaramar wahala.

Amma a nan akwai ramin da mutanenmu ke yawan faɗawa, kuma gara in tsaya a kansa. Breville kamfanin Ostareliya ne. A Amurka da sunan Breville ake sayar da injin, an gina shi don wuta mai bolt 120. A Ingila da sauran Turai sunansa Sage, an gina shi don bolt 220 zuwa 240, wato irin tamu, domin wutar Najeriya bolt 230 ce. Na Ingila ma filoginsa mai ƙafa uku ne daidai da soket ɗinmu. Idan ɗan'uwa zai dawo daga Amurka ya ce zai riƙo maka tsaraba, ka gode masa, ka roƙe shi ya kawo wani abu daban. Injin Amurka da aka soka kai tsaye a bangonmu zai ƙone kafin ka cire hannu. Ana iya amfani da taransifoma mai rage wuta, amma wanda zai ɗauki injin da ke jan wat 1,500 babba ne, mai nauyi, zai cinye wurin da tun farko kake ƙoƙarin tanadi. Wannan gargaɗin ya shafi duka huɗun. Kafin a ba da kuɗi, a juya injin a karanta takardar da ke manne a ƙasansa.

Gaggia Classic wani iri ne daban. Tun 1991 yake kasuwa, an sabunta shi a 2019 da sunan Classic Pro, a 2023 kuma Evo Pro. Jikinsa ƙarfe ne, faɗinsa santimita 23, tsayinsa 38, a Italiya ake ƙera shi. Yana da ƙaramar tukunya ta gaske a ciki, da makunnai uku a goshi: na wuta, na gahawa, na tururi. Ludayinsa milimita 58 ne, girman da manyan injunan shagunan gahawa ke amfani da shi, don haka matata da madanni da sauran kayan ƙari ba su da wuyar samu. Yana da bawul da ke sauke matsi da zarar ka kashe, garin ya fito a bushe dunƙule guda, ba caɓi ba. Dedica da ƙaramin Bambino ba su da wannan, na Plus yana da shi. Laifinsa shi ne yana son haƙuri. Fitilar za ta nuna ya shirya cikin 'yan mintuna, amma sai ka bar shi minti 10 zuwa 15 kafin ludayin da bakin injin su yi zafi yadda ya kamata. Zafin ruwansa yana hawa yana sauka, sai mutum ya koyi lokacin da zai danna. Idan za ka kaɗa madara, sai ka jira tukunyar ta ƙara zafi, in ka gama kuma ka sauke zafin kafin kofi na gaba.

Rancilio Silvia ba zan daɗe a kansa ba. Inji ne nagari da ya fito a 1997, tukunyarsa ta tagulla ce mai ɗaukar mililita 300, tururinsa ya fi na sauran ƙarfi. Amma nauyinsa kilo 14 ne, ya fi Gaggia jinkirin zafi, ya fi shi tsada sosai. Ga ƙaramin kicin da wutar da ba ta da tabbas, bai dace ba.

To, maganar wuta. Dukkansu suna jan sama da wat 1,000, Bambino ma yana iya kai wa 1,600. Ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauke su ba, kada ma a gwada. Mai sola kuma ya duba ƙarfin inbatarsa. Inbata mai kVA 1 za ta yi ƙara ta yanke. Daga 2.5 zuwa sama ne hankali zai kwanta, shi ma in firji bai tashi a daidai lokacin ba. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne bambancin ƙarfin ja da yawan ci. Injin wat 1,500 da ya yi aiki na minti 2, wutar da ya ci ba ta wuce awa-wat 50 ba, ƙwan fitila mai wat 10 zai ci haka cikin awa 5. Ke nan ba zai zuƙe batir ba. Amma a cikin mintunan nan biyu, batir mai bolt 24 zai fitar da sama da amfiya 60, tsohon batir kuwa a nan yake nuna gajiyarsa. A wannan ma'aunin Bambino da Dedica sun yi wa Gaggia nisa. Ka kunna, ka zuba, ka kashe. Ko da wutar gari ta zo da asuba ba a san lokacin da za a ɗauke ba, kafin ka gama shafa bota a burodi ka sha gahawarka. Mai Gaggia yana iya zama yana jiran zafi a ɗauke wuta a minti na takwas.

Sai dai wutar tana da wata fuska. Ba ɗaukewa kaɗai ke damun mu ba, akwai ranakun da take zuwa rabi, fanka na juyawa da ƙyar, akwai kuma dawowar da take yi da ƙarfi bayan an ɗauke. Bambino da Dedica allon lantarki ne ke tafiyar da su, kuma allo ba ya jure irin wannan. Idan ya ƙone, mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari zai buɗe ya duba, amma sau da yawa amsar ita ce, “Yallaɓai, sai dai a yi odar sabon allo.” Gaggia kuwa in ka cire murfin sama, abin da za ka gani bai wuce tukunya, famfo, makunnai, wayoyi da 'yan tamostat biyu masu daidaita zafi ba, sai ɗan abin da ke kashe na Turai da kansa bayan minti 20. Duk wanda ya iya gyaran dutsen guga da hita zai gane hanyar wutar. Robar bakin injin, famfon, tamostat, bawul, duk ana sayar da su ɗai-ɗai, ƙanana ne da za su shiga aljihun jakar matafiyi. Shi ya sa har yau ake samun Classic da ya haura shekara 20 yana aiki. Wannan a wurina babban abu ne, domin kuɗin da ake kashewa a irin wannan inji ba na shekara biyu ba ne. Kowanne ka zaɓa dai, ka haɗa masa sitabilaiza mai ɗaukar aƙalla VA 2,000, kuma ka zare filogi da ka gama.

Akwai wani abokin gaba da ba a rubuta shi a littafin da ke cikin kwali ba: kyankyasai da ƙananan tururuwa. Suna son wuri mai ɗumi, mai duhu, mai laima, kuma cikin injin gahawa ya haɗa duka ukun. Su ma allon lantarki suka fi yi wa ɓarna. A riƙa zubar da ruwan tiren ƙasa kowace rana, a share garin da ya zube, kada a bar shi ya kwana. Da hunturu kuma, lokacin da za ka goge kanta da safe kafin azahar ka iya rubutu da yatsa a kanta, a ɗinka wa injin riga ta yadi mai kauri, a tabbata murfin tankin yana rufe.

Ruwa shi ne na biyu. Gidaje da yawa a Zariya da rijiya, burtsatse ko 'yan ga-ruwa suka dogara, kuma ruwan ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Gwajin ba shi da wuya. Ɗauko butar lantarkin da kuka daɗe kuna dafa ruwan shayi a ciki, ka leƙa gindinta. In ka ga farin abu ya daskare, kana kankara da farce yana ɓantarowa, to abin da zai taru a cikin injinka ke nan. A buta ba komai ba ne. A Dedica da Bambino, inda ruwa ke bi ta siraran hanyoyi, shi ne ke toshe su, ruwa ya koma ɗiga, zafi ya ragu. A Gaggia ma yana toshe ƙaramin ramin bawul, sai dai shi ana iya kwance shi a wanke. Tsofaffin samfuran Classic tukunyarsu alminiyam ce, wadda ba ta son maganin wanki mai kaifi, sabon samfurin E24 kuma tagulla ce. Mafita ita ce a ware wa injin ruwan roba mai kyau ko ruwan da aka tace. Ba ruwa mai yawa yake sha ba, lita guda za ta yi kofuna da dama. Ruwan batir da aka cire wa komai shi ma bai dace ba, gahawar za ta fito salam. A riƙa wanke cikin injin da maganin da kamfanin ya tanada duk bayan 'yan watanni, kuma a sayi maganin tun ranar da aka sayi injin, domin ba abin da za ka tarar a kantin unguwa ba ne.

Yanzu abin da na fi so mai karatu ya riƙe: injin niƙa. Espresso yana son gari mai laushi sosai kuma ƙwayoyinsa daidai wa daida. Bilenda ba za ta yi ba, ƙaramin injin nan mai wuƙa da ake niƙa yaji da shi ma ba zai yi ba, balle a kai wa mai niƙa a bakin kasuwa ya dawo da ƙanshin barkono da daddawa. Ana buƙatar maniƙa mai haƙora biyu da ake iya matsewa ko sassautawa kaɗan-kaɗan. Na hannu irin su 1Zpresso ko Kingrinder sun dace da mu ƙwarai: ba ruwansu da wuta, ba su cin wuri, giram 18 ba ya wuce minti guda ana juyawa. Na lantarki akwai Baratza Encore ESP, shi ma a duba bolt. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a Gaggia ya koma sayen garin gwangwani ya yi asara, gara ya sayi Dedica da maniƙa mai kyau da mataci mai gindi ɗaya. Ƙaramin sikeli mai auna giram ma ya shiga lissafi, ba shi da tsada.

Lokacin hunturu za ka ga garin yana manne wa jikin maniƙar yana tashi ko'ina saboda bushewar iska. Jiƙa bayan cokali da ɗigon ruwa guda ka juya ƙwayoyin da shi kafin ka niƙa, matsalar ta ƙare. Da damina ta sauka kuma, niƙan da ya yi daidai a watan Janairu sai ya fara tafiya daban, sai ka ɗan gyara. Idan ka dace, za ka ga ɗigon farko ya fito baƙi mai kauri, sannan ya haɗe ya zama zare guda yana sauka kamar zuma daga cokali, launinsa na komawa ja-ja. In ya zubo da gudu cikin daƙiƙa 10 yana da tsami, garin ya yi gautsi, ƙara laushi. In ya tsaya yana ɗiga har ya wuce daƙiƙa 40 ga ɗaci, ya yi laushi da yawa.

Ita kanta gahawar ba sai ta ƙetaro teku ba. Ana noman arabika a tsaunin Mambila a jihar Taraba da kuma wajen Jos, akwai masu soya ta a Abuja da Legas da ke aikowa. Abin dubawa shi ne ranar da aka soya. Wadda ta yi mako guda zuwa wata guda da soyawa ita ce a kan ganiyarta. Ta Habasha da ta Kenya ma ana samu, sai dai masu soyuwa sama-sama sun fi son zafin da ba ya rawa, a nan Bambino ya fi Gaggia da Dedica sauƙin sha'ani.

Yawancin gidajenmu da madara ake sha, don haka bututun tururi ba ado ba ne. Madarar gari mai cikakken mai, in aka dama ta da ruwan sanyi ta huce a firji, tana kaɗuwa. Ta kwali mai daɗewa ta fi ta santsi. Ta shanu sabuwa a tafasa ta tukuna, a bar ta ta yi sanyi. Kada zafin ya wuce digiri 65, wato daidai lokacin da tafin hannunka ya kasa jure gindin jug ɗin. Gidan da maigida, uwargida da baƙi biyu za su sha mai madara a zama ɗaya, Bambino Plus ne zai fitar da su kunya. Da Gaggia za a yi, amma na farko zai gama sha kafin na huɗu ya karɓi nasa.

Idan ni aka tambaya, ga inda na tsaya. Wanda ke da sola mai ƙarfi da wuta tsayayyiya daga inbata, yana son kofi kafin ya fita aiki Kongo ko Shika da sassafe, kuma ba ya sha'awar kwance-kwance, ya nemi Sage Bambino na Ingila. Wanda kantarsa ba ta da wuri sam, ko aljihunsa bai kai ba, ko yana so ya fara gani ko abin zai zame masa jiki, Dedica ya ishe shi, musamman Arte. Amma wanda ya san ya riga ya kamu da son gahawa, yana da minti 15 da safe, yana son abin da zai gyara ya ci gaba da amfani da shi shekara da shekaru a garin da babu wakilin kamfani, ni Gaggia Classic zan nuna masa, kuma shi na fi amincewa da shi a Zariya. Wanda kuma wuta ba ta zama a unguwarsu sam, kada ya tilasta. Akwai masu matsi da hannu irin Flair da Cafelat Robot, ruwan zafi kawai suke so daga buta a kan gas, kuma espresso na gaske suke bayarwa. Tukunyar moka ta Bialetti, wadda take nan tun 1933, ita ma tana ba da gahawa mai ƙarfi a kan risho, ko da yake matsinta bai kai na espresso ba.

Da yawa daga cikinmu na hannu za mu saya, cikin kayan Beljiyam ko wurin wani da ya gaji da nasa. Ba laifi, Gaggia ma ya fi kowa dacewa da haka. Sai dai kada ka yarda da “yana aiki, wallahi” kawai. Ka ce a zuba ruwa a kunna a gabanka. Ruwan ya sauko ta bakin injin a baje ta ramuka da yawa, ba ta gefe guda ba, kuma ya fito da zafi. Ka tara shi a farin kofi ka duba ko akwai ɓarɓashi fari ko baƙi. Ka buɗe tururi ka ga ƙarfinsa. Ka ɗaga injin ka duba ƙasansa ko akwai tsatsa ko alamar yoyo. Ka tabbata ludayin, matatan, tankin da tiren ƙasa duk suna nan, domin sayen ludayi shi kaɗai daga waje zai iya cinye rangwamen da ka samu. Robar bakin injin kuwa, ko mai sayarwa ya ce sabuwa ce, ka yi odar guda biyu ka ajiye.